Wanda Ya Zaɓi Mota Shi Ke Hawa

Yayana Obadiah shi ake ba rabon nama ranar Kirsimeti tun muna yara, a gidanmu na layin ma'aikatan reluwe a Kafanchan. Ba don ya fi kowa girma ba, don dai ba ya cutar kowa ne. Zai ɗauki tsoka ɗaya ya yi ta juya ta yana dubawa, ya ajiye nan, ya ɗauke ya mayar can, har tuwo ya huce, miya ta yi sanyi. Mamarmu takan gaji ta ce, "Wannan yaro, ko mutuwa aka ba shi ya raba sai ya tsaya yin adalci." Mukan yi dariya. Yanzu in na tuna maganar ba na dariya.

Ni ce Mildred, ƙanwarsa da ke bin sa. Na fi kowa faɗa da shi, kuma ban yarda wani ya fi ni son sa ba, ko matarsa Lai'atu.

Ya yi makarantar mishan, ya koyar a Samaru Kataf na wasu shekaru, sannan ya dawo gida ya kama aikin akawu a shagon kaya na tashar jirgi. Dogo ne siriri, mai tafiya a miƙe kamar ya haɗiyi tabarya. Tun bai yi furfura ba aka naɗa shi dattijon ikkilisiya, kuma in ana sulhu a majami'a kowane ɓangare shi yake so ya zauna, duk da sun san ƙarshenta kowa zai tashi da ɗan haushinsa. 'Ya'yan da Lai'atu ta haifa masa ba su tsaya ba sai guda ɗaya, Afiniki. A kanta kaɗai na taɓa ganin Obadiah ya yi son kai: yakan ɓoye mata hanta a gefen kwano.

Bayan yaƙin basasa aka buɗe masana'antar citta a ƙasan gangaren da ke sauka bakin layin dogo. Manoma su kawo citta, a wanke, a tsaga, a shanya, a niƙa, a ɗura a buhu, a kai Ikko inda jiragen ruwa suke. Duk unguwar nan yajin citta ne, ko wanki ka shanya sai ya ɗauka. Obadiah aka ɗauka akawun sufuri, aikinsa ya san yadda kaya za su tashi daga nan su isa can. Da farko babu wahala, tarago ake lodawa. Amma shekarar da siminti ya cushe tashar jiragen ruwa, tarago ya yi wuyar samu, buhuna suka taru har rufin sito. Dole aka koma mota.

Akwai wata al'ada a wajenmu da ta girmi masana'antar. Tun zamanin da manoma ke haɗa cittarsu su yi hayar mota zuwa kasuwa, wanda aka aika ya zaɓo motar, shi ne zai zauna a gaba kusa da direba, ko kuwa ya sa wani jininsa. Dalilin a fili yake. Wanda ya san ɗansa zai hau ba zai karɓi goro ya kawo ruɓaɓɓiyar mota ba. Leburorin masana'antar 'ya'yan manoman nan ne, kuma su ke hawa saman lodi su yi gadin kaya su sauke a Ikko, saboda haka al'adar ta biyo su har cikin harabar masana'antar, ba tare da an rubuta ta a ko'ina ba.

A shekarar farko ba wanda ya tayar da maganar, domin mijina Zamani ne ke ɗaukar kayan. Yana da babbar mota mai bodin katako, ta kansa. Surukin akawu ne ke riƙe da sitiyari, to wa kuma za a ce ya hau? Iyayen leburori suka kwantar da hankalinsu.

Zan faɗi gaskiya a kan mijina, tunda ni na zauna da shi. Zamani ya iya tuƙi, ba a taɓa jin ya ko taka akuya ba. Amma mutum ne mai cika baki, kuma ranar kasuwa in ya ji ƙamshin burkutu ƙafarsa ba ta wuce rumfar. Sai a ce masa lodi Litinin ya zo Laraba yana dariya. Kuɗin ɗauko kuwa duk tafiya sai ya ƙara, yana cewa ai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Har wani karo jirgin ruwa ya tashi ya bar cittar a bakin teku saboda lattinsa. A majami'a aka fara raɗe-raɗi cewa dattijo yana ciyar da gidan ƙanwarsa da dukiyar masana'anta. Wannan magana ta shiga Obadiah kamar ƙaya.

Shi da kansa ya kai wa manaja shawara. Ya ce a daina ba da ɗaukar kaya don sanayya. A sanar wa duk mai mota, na Kafanchan da na Jos da na Kaduna, kowa ya rubuto nawa zai ɗauki buhu zuwa Ikko har ƙarshen kakar citta, ya liƙe a ambulan, ya jefa a akwati. Ranar da aka sa a buɗe a gaban kowa, wanda ya fi sauƙi kuma ya cika sharuɗɗa shi ke da aiki. Tenda, in ji su. Manaja ya yi murna har ya miƙa masa hannu. Obadiah ya sa kafinta ya yi akwati mai tsaga a sama, ya saya masa kwaɗo, ya zauna ya tsara sharuɗɗan: takardun mota su cika, tayoyi su zama masu kyau, a zo da tamfol saboda ruwa, kaya su isa a kan lokaci.

Na same shi a gida yana goge takalminsa.

"Yaya, abincin bakinmu za ka saka a akwati?"

"Zamani ma ya rubuta nashi. Ba a hana shi ba."

"Naka sai naka, Yaya. Ka manta?"

"Ban manta ba. Amma citta ba nawa ba ne, Mildred. Na mutane ne."

Na faɗa masa maganganu a ranar, har na ce Allah ya sa ya ci adalcin nasa ya ƙoshi. Bai ɗago kai ba. Sai da na kai ƙofa ya ce in gaida yara.

Ranar buɗe akwati, da hantsi, masu motoci suka cika barandar ofis. Fasto ya yi addu'a. Obadiah ya riƙa yage ambulan ɗaya bayan ɗaya yana karantawa da ƙarfi, kamar mai karanta sanarwa ranar Lahadi. Na mutanen tasharmu duk kusan ɗaya ne, na Zamani na cikin masu tsada. Da ya zo kan wata ambulan daga Kaduna, ya karanta, ya sake karantawa. Wani tsohon direba ya yi tsaki ya ce ko man zuwa da dawowa wannan ba zai saya ba, ruwa ba ya tsami banza. Mai ambulan ɗin ma bai zo ba, wani ɗan kwangila ne da har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Obadiah ya duba takardun da aka haɗo, komai ya cika. Ya ce, "Shi ya ci."

Gidana yana bakin gangaren nan, duk motar da za ta masana'anta ta ƙofata take bi. Na san kukan kowace. Ranar da motar ɗan kwangilar ta zo ina tsakar gida ina tankaɗe, sai kawai na ga inuwa ta rufe ƙofa ta wuce. Na fito da rariya a hannu. Gingimari ce koriya, sabon fenti tana ƙyalli, tana gangarawa ba kukan inji, ba hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Kaji ma ba su gudu ba sai da ta zo kansu.

Obadiah yana tsaye a bakin ofis, shi ma ya gani. Ɗan ma'aikacin reluwe ne, ya san birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma inji ne ke tara iskar. Ya je wajen direban ya tambaye shi. Direban ba mugu ba ne, na gan shi sau da yawa daga baya: ramammen mutum mai jajayen idanu, kullum da goro a kumatu. Bai ɓoye komai ba.

"Baba, mai motar aunawa yake ba ni mai. In ya ƙare a hanya, nawa ne. To in na zo gangara sai in kashe, in saka firi, ta tafi da kanta. Kowa a kamfaninmu haka yake yi."

"In iskar ta ƙare fa?"

"Ina tada ta kafin nan. Allah na nan."

Obadiah ya koma wajen manaja. Manaja ya buɗe sharuɗɗan ya ce ya nuna masa wanda aka karya. Babu. Wa zai yi tunanin rubuta cewa a bar injin mota yana aiki in tana tafiya? An riga an sa hannu, kuma Obadiah da bakinsa ya faɗa a baranda cewa abin da akwati ya fitar ba a sake shi.

Da yamma iyayen leburori mata suka zo gidansa. Ba su yi hayaniya ba, sun zauna a tabarma suka gaisa, suka tambayi Lai'atu jiki. Sannan babbarsu ta ce, "Baba, mun ji kai ka zaɓi mota. To wa zai zauna a gaba?"

Manaja ya riga ya ce masa wannan al'adar ƙauye ce, ba ta cikin dokar aiki, yana iya sharewa. Wani zai share ɗin. Amma Obadiah ba ya iya tsallake doka, ko ta takarda ko ta iyaye, ga su kuma sun sa shi a tsakiya, gaba kura baya siyaki. Jininsa da ya rage a duniya ni ce da Afiniki. Afiniki kuwa a lokacin ta sami gurbin koyon aikin jinya a Ibadan, hanyar motar ce. Tana jin maganar ta leƙo daga ɗaki ta ce ita za ta hau, ga tafiya kyauta. Yarinya ce mai dariya, ba ta san tsoro ba. Matan suka ce madalla.

"A'a," in ji Obadiah. "Afiniki jirgi za ta bi. Ni na zaɓa, ni zan hau."

Haka aka fara. Duk lodin da zai tashi, sai ka ga dattijon ikkilisiya da kwat ɗinsa ta Lahadi da littafin waƙoƙi a aljihu yana kama ƙofa yana hawa. Su bi ta Kachia, su fita Kaduna, su gangara Jebba, har Ikko, su juyo. In ya dawo kwana kaɗan ne wani lodin ya haɗu. Na yi fushi da shi na ɗan lokaci, ba na gaishe shi. Amma kowace tafiya sai na tsinci kaina a bakin ƙofa ina kasa kunne.

Wata rana bayan sujada a majami'a na ga yadda kwat ɗin ta yi masa yawa, wuyansa ya fito, sai fushin ya gagare ni. Na bi shi gida. Ya ba ni labari yana murmushi, wai kada in damu. Ya ce duk sanda hanya ta fara sunkuyawa sai ya ga hannun direban yana tafiya wajen makulli da kansa, ko mai shi bai sani ba. Sai ya kama hannun ya riƙe. In man ya gaza a hanya, shi ke cikawa daga albashinsa. In barci ya fara ɗaukar direban sai ya buɗe littafi ya yi ta rera masa waƙa, ga Obadiah da murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"To kai yaushe kake barci, Yaya?"

"In mun tsaya."

"Kuna tsayawa?"

Ya ce in sha ruwa.

Zamani ma, duk da haushin da yake ji, ya zo ya durƙusa masa. Ya ce, "Yaya, bari in karɓe ka tafiya ɗaya. Ni na san halin mota." Obadiah ya ce, "Ba kai ka zaɓa ba, suruki. Ka je ka duba iyalinka." Mijina ya fito yana share ido yana zaginsa a hankali.

Kaka ta zo ƙarshe wajen Ista, saura lodi ɗaya. Mun fara cewa an tsallake. Afiniki ta zo hutu, ta yi ƙiba, tana ta ba mu labarin asibiti. A makon ne zazzaɓi ya kwantar da Obadiah, irin mai karkarwa, ko majami'a bai je ba ranar tashin Ubangiji, abin da bai taɓa faruwa ba. Lodi kuwa ba ya jira, jirgin ruwa na can.

Afiniki ta ce hutunta ya ƙare, ga mota za ta bi ta Ibadan, ga Baba kwance, me ya rage? Lai'atu ta yarda, don ta ga mijinta ya yi tafiyar nan sau da dama ya dawo. Ni ma ban hana ba, tsoron da nake ji wa yayana ya rufe min ido. Aka yi masa bayani yana cikin bargo, ya ɗaga hannu ya sauke. Muka ɗauka ya amince.

Da safe muka raka ta. An ɗaure tamfol, leburori sun hau sama, akwatinta yana ƙarƙashin kujera, ita kuma ta zauna a gaba ta leƙo da kai tana yi wa uwarta tsiya. Direban ya tafi juyo da motar daga wajen sikeli. Filin yana da ɗan gangare kaɗan, abin da bai kai a kira shi gangare ba. Ya saki birki, motar ta silalo zuwa bakin ƙofa, shiru, da Afiniki a ciki tana ɗaga mana hannu.

Sai na ji numfashi a bayana. Obadiah ne, ya sa kwat a kan rigar barci, gumi na zuba, ya dafa bango. Ban san yadda ya sauko gangaren nan ba. Ya wuce mu ya buɗe ƙofar motar.

"Sauko."

"Baba, jikinka..."

"Afiniki, sauko."

Ya sunkuya ya jawo akwatin da kansa ya dire a ƙasa. Lai'atu ta kama kwat ɗinsa tana kuka, ni na tare ƙofa na ce masa ba inda za shi, a bar cittar ta ruɓe. Ya dubi saman lodi inda 'ya'yan mutane ke zaune, ya dube ni. Idonsa ya yi ja da zazzaɓi. Ya ce, "Mildred, matsa." Na matsa. Afiniki ce ta tura shi ya hau, don ƙafarsa ba ta iya kai matakala.

Sauran labarin daga bakin leburorin muka ji. Sun wuce Kachia lafiya. Rana ta take, zafi ya yi yawa, suna jin muryar Obadiah daga ƙasa yana waƙa, tana raguwa, har ta ɗauke. Barci ya sace shi. Kafin Kujama akwai wani dogon gangare mai ƙarewa a siririyar gada. Suka ji inji ya mutu, motar ta ci gaba da tafiya, tana ƙara gudu. Suka ji direban yana ta murɗa makulli, ta ƙi tashi. Sai ga hannu ya fito ta taga yana dukan bodi, da muryar Obadiah: "Ku dira! Ku dira yanzu!" Suka yi ta faɗawa cikin ciyawa. Wani ya karye a ƙafa, wani a haƙarƙari, amma duk sun dawo wa iyayensu. Sun ce ƙofar gefensa a buɗe take, yana tsaye a matakala yana duban sama, yana tabbatar da ba wanda ya rage. Na ƙarshensu ya dira gab da gadar. Motar ta zarce cikin ƙoramar da ke ƙasa, da Obadiah a kanta.

Ni da Zamani muka je ɗauko gawarsa. Ƙoramar ta yi rawaya da garin citta, yajin ya cika wajen har ba ka sanin ko kuka kake ko citta ce. Direban ma a nan ya rasu. An ce yana da mata da yara a wani gari, ba wanda ya san sunan garin.

Majami'a ba ta ɗauki mutanen da suka zo jana'iza ba. Matan da suka zauna a tabarmarsa ran nan su suka yi girki. Afiniki ta gama karatunta, ta yi aiki a asibitoci da yawa, tana da 'ya'ya da jikoki. Har yau ba ta zama a kujerar gaba, ko a motar mijinta.

Masana'anta ba ta yar da akwatin ba. Manaja ya ce tsari ne mai kyau, an dai yi rashin sa'a. Ba ɗan garin da ya yarda ya karɓi kujerar Obadiah, sai aka kawo wani akawu daga nesa, saurayi mai ladabi, ba mata, ba ɗa, ba dangi a nan. Da kaka ta zagayo ya buɗe akwati, mafi sauƙi ya ci. Matan suka je wajensa suka tambayi wa zai zauna a gaba. Bai ma gane tambayar ba.

Zamani bai sake samun lodi mai kauri ba. Motarsa ta zauna har tayoyinta suka sace, ya sayar da ita. Bakunan gida kuwa ba su daina ci ba. Da sabon ɗan kwangilar ya nemi direbobi, ya je, aka ɗauke shi. Na tambaye shi ko ana auna musu mai. Ya yi dariyar nan tasa, ya ce, "Ke dai, mata da tambaya."

Wata safiya ina bakin ƙofa ina wanke tukwane, sai inuwa ta rufe ni. Ban ji komai ba sai tsakuwa. Na ɗaga kai, ga gingimari ta silalo ta tsaya a gabana da ɗan hucin birki, leburori zaune a sama suna lilo da ƙafa. Mijina ya leƙo ta taga, goro a kumatu, ya ce, "Mildred, kawo min ruwa in sha, sauri nake."

Na kawo masa. Yana sha ina duban kujerar da ke gefensa. Ba kowa a kai.